Sabon Akwatin Wuta, Tsofaffin Wayoyi: Kar Ka Biya Cikon Kuɗin Aiki Sai An Yi Gwaji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin wuta ya canza a gidaje da yawa na Makarfi da Ikara da Kudan. Janareton da ake tayarwa kullum da magariba ya koma sai ranar biki. Sai kuma ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, aka kwashe kwanaki masu shagon caji ne manyan gari. Daga nan duk wanda ya sayar da rake ko tumatir ya ga 'yar rara, abin da ke ransa shi ne fanel biyu ko huɗu a kan kwano, da batir, da inbata.

Mai haɗa sola idan ya shigo gida, abin da yake fara dubawa shi ne akwatin wuta, wato wurin da wuta ke shigowa daga mita ta rarrabu zuwa ɗakuna, wanda masu sana'ar ke kira DB. A tsohon gida zai tarar da allon katako da fis na tangaran, wani ma an ɗaure shi da zaren tagulla ninki uku tun zamanin NEPA. Sai ya ce a canza, kuma gaskiya ya faɗa. A kawo farin akwati mai jerin bireka, wani har da 'yar fuska mai nuna ƙarfin wuta da jajayen lambobi. A ɗaura, a kunna, fitila ta kama, fanka ta juya, ɗan gidan ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp. A biya mai aiki, a yi sallama.

A ganina nan ne ake yin kuskuren. Akwatin sabo ne, amma wayoyin da suka fita daga cikinsa suka bi ta silin da bango har zuwa soket ɗin da ke kusa da katifarka, su ne dai na jiya. Babu wanda ya tambaye su lafiya. Fitila ta kama ba shaida ba ce ta cewa layi lafiyayye ne. Shaida ce kawai ta cewa wuta na isa can. Aikin canza akwati bai ƙare ba sai an gwada kowane layi da na'ura, an rubuta abin da aka gani. Kuma mu masu kwana da wayar hannu a caji kusa da matashi, mu ya fi kamata mu dage a kan haka, don mu ne muka fi kowa taɓa ƙarshen layin nan.

Ka tuna yadda wayarin ɗin gidajenmu yake samuwa. Ba a zana shi a takarda ba, girma ya yi tare da gidan. An ja wa ɗakuna uku wuta lokacin da turaku suka iso unguwa, lokacin da kayan wutar gidan kakaf ba su wuce ƙwai huɗu da rediyo da fanka ɗaya ba. Da yaya ya yi aure aka gina masa ɗaki, aka jawo masa wuta daga soket mafi kusa. Da aka fitar da shago a zaure, aka jawo daga ɗakin yayan. Aka sayi firiza don ƙanƙarar azumi, aka haƙa burtsatse aka sa injin jan ruwa, amarya ta zo da dutsen guga da hita. Kowane ƙari da nasa mai gyaran, kowane mai gyara da nasa salon. Mahaɗar wayoyi a cikin silin murɗawa ake yi a naɗe da baƙin salatif. A can saman kuwa, zafin kwano na watan Afrilu yana gasa robar waya shekara da shekaru har ta bushe ta tsattsage, ɓera ya ci rabonsa, yoyon damina ya jiƙa saura. Wannan ne abin da aka ɗaura wa sabon akwati.

Yawancin mutane sun ɗauka bireka tana kare mutum. Ba aikinta ba ne. Bireka ta yau da kullum, wadda ake rubuta wa 10 ko 20 ko 32 a jiki, waya take karewa. Lambar tana nufin yawan amfiyar da za ta bari ta wuce. Idan kaya suka ja fiye da haka, ko layif da nutural suka haɗu kai tsaye, sai ta faɗi kafin wayar ta narke. To amma jikin mutum ba da amfiya ake auna abin da ke kashe shi ba, da kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ne, wato miliamfiya. Wajen miliamfiya 1 za ka ji tsam. Daga 10 zuwa 15 tsokar hannu na iya ƙanƙamewa ka kasa saki. Idan ta haura 30 ta kuma ɗan jima tana ratsa ƙirji, numfashi da bugun zuciya sun shiga haɗari. Bireka mai 32 sai wuta ta ninka wannan sau dubu da ɗoriya kafin ta san wani abu na faruwa. Wuta za ta iya riƙe mutum har ta gama da shi, ita tana nan a tsaye.

Abin da ke kare rai wata na'ura ce daban, za ka gane ta da ɗan maɓalli mai harafin T, kuma a jikinta an rubuta 30mA ko 0.03A. A kasuwa ana ce mata RCD ko RCCB, wasu har yanzu ELCB suke cewa. Mu kira ta bireka mai jin yoyo. Aikinta ƙirga ne: wutar da ta fita ta layif dole ta dawo ta nutural cif. Idan abin da ya dawo ya gaza da miliamfiya 30, to saura ya bi wata hanya, ko ta jiƙaƙƙen bango, ko ta jikin firiza, ko ta ƙafar yaro zuwa ƙasa. Sai ta yanke wuta cikin ƙasa da kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Ba ta hana ka jin jan wutar, amma tana gajarta shi, kuma a wannan harka tsawon lokacin shi ne bambancin tsorata da jana'iza. Duk akwatin da aka kawo maka babu ita a ciki, fis ɗin jiya ne aka sa wa sabuwar riga.

Ina ruwan wayar hannu da wannan? Cajarka tana karɓar bolt 230 daga bango, ta sauke shi zuwa 5 ko 9 ko makamancin haka. Tsakanin ɓangaren da ke da wutar bango da ɓangaren da ke zuwa hannunka, 'yar tazara ce da siririyar roba a cikin cajar. A caja ta gari an yi wannan shinge da kyau. A ta jabu, wadda ake zubewa a faranti a tasha, a nan ake rage kuɗi. A shekarar 2013 wata matashiya ta rasu a Sin, aka ruwaito cewa tana riƙe da iPhone ɗinta ne yana caji, abin da ya sa Apple ya fito da shirin karɓar cajojin da ba nasa ba ya musanya su da nasa a farashi mai sauƙi. A 2016 masu sa ido kan ingancin kaya a Birtaniya suka sa aka gwada cajojin Apple na jabu guda 400. Uku kacal suka tsallake gwajin kariya. Ka ƙiyasta da kanka irin waɗanda ke yawo a shagunan caji na Tashar Yari ko Hunƙuyi. Ranar da shingen nan ya fashe, wutar bango za ta hau kebul zuwa ƙarfen jikin wayar, kai kuma kana tsaye ba takalmi a kan siminti, ko ka fito daga wanka. A wannan daƙiƙar, abin da ya rage tsakaninka da ajali shi ne bireka mai jin yoyo, in tana nan, kuma in tana aiki.

Ga inda rigimar take. Sau da yawa ana ɗaura ta a tsohon gida, sai ta ƙi tsayawa. A ɗaga ta faɗi, a ɗaga ta faɗi. Ko ta tsaya da rana, ruwan farko na damina ya sauka cikin dare ta jefa gida a duhu. Maigida ya kira mai aiki rai a ɓace: “Malam, shekara ashirin muna da fis ɗinmu bai taɓa yi mana haka ba, me ka kawo mana?” Mai aiki kuma, wanda bai sa kuɗin neman matsala a cikin jinga ba, sai ya ce, “Alhaji, ai irin waɗannan ba su dace da wutarmu ta Najeriya ba, bari in gyara maka.” Gyaran shi ne ya tsallake ta da guntuwar waya, ya bar ta a cikin akwati tana ado, ko ya cire ta gaba ɗaya. Kowa ya huta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta ta yi. Ta gano yoyon da ya daɗe a gidan wanda fis ba shi da idon gani. Kamar ka je a auna maka hawan jini ne, awo ya nuna ya hau, sai ka fasa abin awon.

Me take ganowa? Wani lokaci waya ce da ƙusa ta huda a bango, ko mahaɗa a silin da ruwa ke taɓawa. Wani lokaci hita ce ko injin ruwa da cikinsa ya fara zuba wuta. Amma abin da ya fi yawa a gidajen da aka yi ta ƙari shi ne cakuɗar nutural: an ɗauko layif daga layi ɗaya, an aro nutural daga wani layin don ya fi kusa. Idan layukan biyu suka faɗa ƙarƙashin bireka mai jin yoyo daban-daban, lissafi ba zai taɓa daidaita ba. Akwai kuma masu haɗa nutural da atin a bayan soket, da masu kafa ƙarfe a ƙasa su mai da shi nutural ranar da na turke ya tsinke, aka manta da shi a haka. Duk waɗannan ana iya gano su, layi bayan layi, in an ba abin lokaci. Shi ya sa mai aikin da ya san hannunsa yake yin gwajin farko tun kafin ya kwance tsohon allo, don ya gaya wa maigida gaskiyar abin da zai kashe tun ba a fara ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne na lafiyar robar waya. Ana kashe wuta gaba ɗaya, a ɗauko na'urar da ake kira mega, daga sunan kamfanin Megger. Tana tura bolt 500 cikin layin ta auna nawa ke sulalewa tsakanin waya da waya, da tsakanin waya da ƙasa. Ƙa'idar ita ce kada awon ya gaza om miliyan 1, kuma layi mai lafiya yakan nuna ninkin haka sau da yawa. Ƙaramar maltimita ba za ta yi wannan aikin ba, don da ɗan batir take aiki, ba ta da ƙarfin matsa robar har ta nuna rauninta. Sukudireban testa mai 'yar fitila kuwa, wanda kowane mai gyara ke maƙalawa a aljihu kamar biro, abu ɗaya ya sani: akwai wuta ko babu. Ka kula da wani abu a nan, don ya shafi kayanka kai tsaye. Kafin a danna mega dole a zare komai daga soket, caja da talabijin da dikoda da kwamfuta, a cire ƙwan fitilun LED, a ware inbata. Bolt 500 ba abokin wasan ƙananan na'urori ba ne. In ka ga mai aiki bai ce a zare komai ba, ko dai ba gwajin yake yi ba, ko zai ƙona maka kaya.

Sai a bi soket ɗaya bayan ɗaya a tabbatar wayar atin ta isa kowanne ba tare da yankewa ba. Soket ɗinmu irin na Ingila ne mai rami uku, ramin sama shi ne na atin. A ɗakuna da yawa, musamman ɗakunan haya irin na ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi, in ka kwance murfin za ka ga waya biyu ce kawai, ramin sama fanko. Wanda ya taɓa jin kwamfutarsa ko firij na ɗan cizonsa a hannu ya san sakamakon. A kuma duba ko an juya layif da nutural. In kana fuskantar soket, layif na dama, nutural na hagu. Makunni kuma dole layif yake yankewa. In an juya, za ka kashe fitila ta mutu, ka hau kujera ka canza ƙwai da tunanin babu wuta, alhali tana nan a bakin ƙarfen tana jiranka. Kar a dogara da launin waya: tsofaffi ja da baƙi ne, na zamani ruwan ƙasa da shuɗi, kuma mai gyaran da wayarsa ta ƙare yakan cike da kowace ya samu.

Sandar atin ita ma tana buƙatar awo, ba kallo ba. Ita ce ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a bayan ɗaki, a haɗa ta da akwati, don wutar da ta ɓalle ta samu hanyar gudu da ta fi jikin mutum sauƙi. Masu aikinmu kan zuba gawayi da gishiri a ramin, kuma hakan yana taimakawa da farko, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, ruwa kuma yana wanke shi. Sanda da yawa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa tagulla sama-sama. Bayan 'yan shekaru sai ka tono ka tarar da tsatsa, ko ka tarar wayar ta daɗe da rabuwa da sandar, ko masu gwangwan sun yi gaba da ita. Akwai na'urar auna ta, kuma ƙa'idar Birtaniya, wadda wayarin ɗinmu ya gada, tana ɗaukar awon da ya haura om 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi.

Akwai wata ɓarna da sabon akwati ke kawowa da kansa. Mai aiki ya sayo bireka iri ɗaya, duk 32, ko ma 63, ya jera wa kowane layi, don kada a riƙa kiransa cewa ta faɗi. Alhali girman bireka da kaurin waya ake haɗa shi. Waya mai kauri 1.5 ta fitilu ce, birekarta 6 ko 10. Mai 2.5 ta soket ce, in layi ne miƙaƙƙe birekarta 16 ko 20. Na'urar sanyaya ɗaki babba ko hitar wanka nasu layin daban, da waya mai 4 ko fiye. In ka sa bireka mai 32 a kan waya mai 1.5, ka mai da wayar fis, kuma fis ne da ke kwance a kan katakon silin. Hita mai wat 1,500 kaɗai tana jan amfiya shida da rabi. Ƙara dutsen guga da firiza da injin ruwa a layi ɗaya ka gani. Ga kuma wayoyin jabu da hukumar SON ke yawan kamawa, masu rubutun 2.5 a jiki amma cikin bai kai ba, ko sanholo ne da aka yi wa wankan tagulla. Duk sanda gobara ta tashi a kasuwa ko gida sai ka ji an ce “wutar lantarki ce”, kamar wata ƙaddara ce daga sama. Sau da yawa ƙaddarar a cikin akwati aka ɗaura ta da sukudireba.

Mu dawo kan sola, tunda ita ta kawo canjin. Gidan yau yana da uwa uku: wutar Kaduna Electric, janareto, da inbata. Bireka mai jin yoyo tana aiki da wutar kamfani ne saboda an haɗa nutural da ƙasa a can taransifoma. Ƙananan janaretoci da inbatoci da yawa ba su da wannan haɗin a kan kansu, don haka idan gida ya koma kansu kariyar na iya raguwa ko ta ɓace, ba tare da wata alama ba. Maɓallin T ma ba zai tona asirin ba, domin shi cikin na'urar kawai yake gwadawa, bai san halin atin ɗin gidan ba. Sai an sa na'urar gwaji a soket, a tilasta yoyo na gangan, a ga ta faɗi kuma a ga daƙiƙar da ta ɗauka, a maimaita a kan kowace uwa cikin ukun. A duba cenjoba kuma, ya zama yana raba layif da nutural duka. Wanda aka haɗa da ganganci zai iya mai da wutar inbatarka kan turke, inda wani bawan Allah ya hau yana gyara da yaƙinin an ɗauke wuta.

Don adalci, akwai abin da gwaji da bireka duk ba sa hanawa. Ranar da nutural ya tsinke a taransifoma, wutar da ke shigowa gida na iya tashi daga 230 ta doshi 400, ta ƙone caja da talabijin na unguwa guda cikin minti ɗaya. Maganin wannan ɗan na'urar nan ce mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, kuma tunda an buɗe akwati, lokacin sa ta ke nan.

A Ingila, tun 2005 canza akwatin wuta na gida aiki ne da doka ta sa a sanar da hukuma, kuma mai aiki ya ba da takardar shaida mai ɗauke da awon kowane layi. Daga 2020 aka wajabta wa masu gidajen haya a can su sa a duba wayarin aƙalla duk shekara biyar. Mu ma ba a bar mu ba doka ba. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA don duba ingancin ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar ƙwarewa, kuma a shekarar ce hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta na ƙasa. Sai dai kowa ya san babu jami'in da zai taso ya zo duba akwatin wani gida a Gubuchi ko Paki. A aikace, sufeton gidanku kai ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗi, za a ce wutar ma yaushe take zuwa, za a ce mai gyaran unguwa ba shi da mega. Maganar kuɗi gaskiya ce, amma a dubi abin da aka riga aka kashe a batir da fanel da inbata, a dubi wayoyin hannu nawa ke caji a gidan kowane dare. Ladan yini ɗaya na mai gwaji ba zai kai kuɗin ɗaya daga cikinsu ba. Ainihin tsoron maigida ba kuɗin gwajin ba ne, abin da gwajin zai tono ne, kada a ce a sake wayarin duka. Ba kasafai ake kaiwa can ba. Yawanci layi ɗaya ne ko biyu suka lalace, kuma ana iya barin su a kashe a akwati har a samu hali, sauran gida na cikin kariya. Maganar rashin wuta kuwa ta faɗi da kanta, tunda inbata ta sa wayoyin nan suna ɗauke da wuta dare da rana, fiye da duk zamanin NEPA.

Batun na'ura shi ne mai ƙarfi, kuma ban ga laifin masu gyara kaɗai ba. Yaron da ya koyi aiki a hannun ubangidan da bai taɓa gwaji ba, a garin da ba wanda ya taɓa biyan kuɗin gwaji, me zai sa ya tara kuɗi ya sayi mega? Kasuwa ce ke koya wa mai sana'a abin da zai riƙe. Zariya na nan kusa, ga Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye masu ilimin lantarki duk shekara, kuma masu haɗa sola na ƙwarai suna da kayan awon. Masu gyara uku ko huɗu na gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa. Matashin da ke neman abin yi ma, ga sana'a nan da ba cunkoso: gwaji kawai, gida-gida da shago-shago. Masu shagon caji, da allunansu na soket hamsin a jikin katako, su ne kwastomomin farko.

In za a canza akwati a gidanku, shigar da maganar tun wajen ciniki, ba bayan an gama ba, kuma cikin ladabi, don ba a son yaro ya nuna wa babba aiki. “Baba, a sa masa kuɗin gwaji a ciki, sai a riƙe cikon har ya nuna mana.” Wa mai aikin kuma, “Injiniya, da wace na'ura za ka auna layukan?” Amsarsa za ta gaya maka kome. Ranar aiki ka tsaya a wurin, hannunka a aljihu, kar ka taɓa cikin akwati ko da an ce an kashe. Ka ɗauki hoton fuskar na'urar a kowane awo, ka ɗauki hoton cikin akwatin kafin a rufe, don a ga babu wayar da ta tsallake bireka mai jin yoyo. Ka sa ya sake bin kowane sukuru ya ɗaure, don bakin tsohuwar waya da bai kamu da kyau ba zafi yake yi a hankali har ya narkar da sabuwar bireka. A rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa, ɗakin Inna, shago, injin ruwa, yadda ko ƙanwarka za ta san wadda za ta kashe in wani abu ya faru ba ka nan.

Ɗan abin gwajin soket mai fitilu uku da ake sayarwa a shagunan kayan wuta yana da amfani, zai nuna maka inda babu atin da inda aka juya waya, amma bai san lafiyar roba ba kuma bai san ingancin sanda ba. Maɓallin T a danna shi duk wata shida. Sa tunatarwa a wayarka, in ka danna ba ta faɗi ba a kira mai aiki ranar. Idan kuma da damina aka yi aikin, lokacin da ƙasa ke jiƙe kowace sanda na nuna awo mai kyau, a sake auna ta wajen watan Maris, sanda ƙasar Makarfi ta bushe ƙamas.